Ranar da Aka Karrama Gauraka

Ƙungiyar masu kallon tsuntsaye ta unguwar tana da mutum ashirin da uku, goma sha tara masu muƙami. Tela ba shi da kujera, amma shi kaɗai ke kallon tsuntsaye. Kullum kafin ya buɗe shago sai ya bi ta bayan garejin motoci, ya tsuguna a bakin kududdufi, ya rubuta abin da ya gani a bayan littafin awonsa.

Wata safiya ya hangi gauraka biyu cikin dogayen ciyayi, ɗaya na kwance a kan ƙwai. Rabonsa da ganin gauraka tun yana ɗan makaranta. Murna ta hana shi riƙe bakinsa, ranar taro ya faɗa.

Shugaba, wani tsohon akawu mai son lasifika kamar ransa, ya miƙe zumbur. "Abin nema ya samu! Za mu yi bikin kare su, duniya ta san ba barci muke yi ba."

"Ranka ya daɗe," in ji Tela, "kwanci suke yi. Ba sa son hayaniya."

"Malam Tela, kai allura ka sani, tsari kuwa namu ne. Zauna."

Aka kafa kwamiti uku. Ana gobe biki aka turo masu adda suka share ciyayin bakin ruwa, wai don manyan baƙi su ga tsuntsayen da kyau. Tela ya yi roƙo har muryarsa ta dishe, suka ce umarnin kwamiti ne. Aka kafa rumfa, aka ta da janareta, mai lasifika ya hau gwaji: "Ɗaya, biyu..." Kafin ya kai uku, gaurakin sun yi sama.

Biki kuwa ya yi armashi. Shugaba ya shafe minti arba'in yana bayani a kan amanar da ƙungiya ta ɗauka. Da babban baƙo ya tambayi ina tsuntsayen, sai ya ce, "Kunya gare su, yallaɓai," ya nuna hoton da ke jikin ƙyallen biki. Hoton zalɓe ne, amma babu wanda ya lura. Aka yi ta tafi. Tela na can kujerar baya, idonsa na kan ƙwai biyu da aka bari a rana, hankaka na shawagi a kansu. Da aka kira shi karɓar takardar yabo, ya je ya karɓa, ya cusa ta a aljihu.

Sati uku bai sake bi ta bayan gareji ba. Ran nan sai ga yayarsa, mai lambu a gefen gari, ta kawo ɗinki.

"Ƙanena, wasu tsuntsaye masu tukku sun sauka a fadamarmu, har sun yi sheƙa."

Washegari ya je ya gani da idonsa, su ne. Matan da ke lambu a fadamar sun riga sun gama shawara tsakaninsu: an janye injin ban-ruwa daga wannan gefen, an ɗaure karnuka, an kuma ce duk mai tsinkar alayyafo a kusa ta kama bakinta.

"Ka zo duk lokacin da ka so," in ji yayar, "amma in na ga rumfa a nan, ni da kai ne."

A taro na gaba Shugaba ya nemi rahoto.

"Hankaki ne kawai, ranka ya daɗe," in ji Tela.

Aka rubuta masa takardar gargaɗi saboda sakaci da aiki. Ya karɓa da hannu biyu, har da godiya.

Bayan wata guda yayar ta bugo waya da rana tsaka, ta ce an ƙyanƙyashe. Tela ya ja ƙofar shago ya hau keke, ya bar mai wando tsaye a waje yana ɗaga ƙafar wandon da ba a ɗinka ba.