Garwashi a Bayan Katanga

Gangar tana kan cinyar Malam Haladu, yana ƙwanƙwasa bakinta da ɗan yatsa yana kasa kunne kamar likita, sai ga ɗansa Abdulazeez ya shigo, farar rigarsa ko ƙuda bai sauka a kai ba. Ya sumbaci goshin uban, ya ja kujera can nesa da tabarma don kada guga ta karye.

Ranar Alhamis za a buga wasan ƙarshe na gasar ƙwallon unguwanni a filin Uhudu. Shekara talatin da ɗoriya, in 'yan wasa suka tafi hutun rabin lokaci, Haladu ne ke shiga fili da mutanensa, a hura wuta a tsakiya, a kaɗa mizmar, kiɗan gangunan nan na mutanen Hijaz, samari su yi ta juya sanduna. Shi kuwa yana jefa baitocin da ya koya a bakin mahaifiyarsa, wadda ta goyo shi a ƙasa tun daga Gaya har Madina. Rabi Hausa, rabi Larabci, ba wanda ya taɓa cewa uffan.

To, bana Abdulazeez ne sakataren kwamiti, kuma mudir, wato shugaban ofishinsu, shi ne babban baƙo. Cikin Larabci mai santsi ya yi wa uban bayani: an ɗauko wata ƙungiya ta samari masu kaya iri ɗaya, ba za a hura wuta ba saboda ba tsari ba ne, shi kuma Baba ya tsufa, ya kamata ya huta.

Haladu ya san wannan hutun. Duk unguwa an sani, tun da yaron nan ya samu aiki ya daina sa Hausawi a ƙarshen sunansa, ya koma Almadani. Matan layi har cewa suke in ya ji warin daddawa sai ya sake hanya.

"Wutar ce ba ka so, ko bakina?" in ji tsohon.

"Ya Baba, mu 'yan ƙasa ne, da takardar jinsiyyarmu a hannu. Sai mun yi ta tuna wa mutane?"

Hajiya Ƙaltume, uwarsa, ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. Ta ce ita dai da idonta ta gani a dish, bara da aka yi kofin duniya a Faransa, wani saurayi mai kaɗa ƙugu ya yi waƙa da yaren Latin Amurka, masu ƙasar suna ta tsalle, ba wanda ya ce ya nuna takardarsa. Ta ƙara da cewa in ya manta inda aka yanke cibiyarsa, unguwarzomar tana nan da rai a Aziziyya. Abdulazeez ya duba agogo, ya ce yana da taro.

*

Safiyar Alhamis aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Haladu ya rantse ba inda za shi. Bayan la'asar ya ce zai je sayen dabino, alhali kwali biyu na nan a ɗaki. Ƙaltume ta miƙo masa sandarsa.

Ya tsaya bayan katangar fili, wajen mai shayi. A nan ya ga motar samarin, buɗaɗɗiya, ganguna jibge a baya ba ko tsumma a kai. Ya kai hannu ya taɓa ɗaya. Fatar ta sha danshi, ta yi laushi kamar kuncin tsohuwa. Ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna an ce ya huta.

Aka busa hutun rabin lokaci. Lasifika ta sanar da gadon kakanni, al'adar Hijaz tsantsa. Samari suka shigo da rawuna ruwan ɗorawa, kyawawa da su, suka ɗaga hannu tare suka sauke a kan ganguna. Sai ka ce ana dukan katifa. Suka sake, haka. Dariya ta fara daga bayan raga ta zagaye fili. Wani shaƙiyyi ya buɗe ƙofofin motarsa ya ƙure kaset ɗin waƙar nan ta kofin duniya, yara suka juya wa samarin baya suna rawa.

Haladu ya hango ɗansa a rumfar baƙi, yaron ya miƙe ya zauna, ya sake miƙewa. Can sai ga shi da gudu, laka ta fantsama har gwiwar farar rigar. Ya tsaya yana haki.

"Baba."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Tsohon ya dube shi. Akwai maganganu cike da bakinsa, tun ranar da aka ce ya huta yake jera su. Amma leɓen yaron rawa yake, irin rawar da yake yi yana ƙarami in zazzaɓi ya kama shi.

"A kawo gangunan," in ji tsohon. "Kai mai shayi, ara mini murhunka."

Zai ɗauki murhun ya nufi fili, Abdulazeez ya tare shi da hannu, ya ce a nan baya ya fi, saboda iska. Ba iskar da ake yi.

Haladu ya tsuguna. Ɗaya bayan ɗaya ya riƙa kara fatar a kan garwashi yana juyawa, yana shafawa da tafin hannu, yana ƙwanƙwasawa har ta amsa. Aikin da ake yi a natse, ya yi shi cikin minti biyar, hannu a bakin wuta. Ganga ta bakwai na barin hannunsa, samari suka sauke hannu, ƙasa ta ɗauka.

Mai kaset ya kashe kayansa. Fili ya rikice da tafi. Aka ce har mudir ya karɓi sanda ya yi juyi biyu, ya kusa faɗuwa. Samarin suka ɗauko waƙar mahaifiyar Haladu, amma duk inda Hausa take sun cire, sai su ja amo kawai su wuce. Shi ne yake cike gurbin a bayan katanga, a hankali, mai shayi kaɗai ke ji.

*

Da aka tashi, baƙi suka biyo ta wajen za su shiga motoci. Mudir ya ga tsoho tsugune gaban murhu, ya tambayi ko wane ne.

"Wani dattijo ne na unguwa," in ji Abdulazeez. "Yana taimaka mana."

Mudir ya ce masha Allah, a ba shi abin sha mana. Abdulazeez da kansa ya kawo gwangwanin lemo mai sanyi. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya sunkuya.

"Sannu, Baba," ya ce da Hausa, ƙasa-ƙasa.

Haladu ya sa yatsa zai buɗe, yatsun suka ƙi, duk sun yi bororo. Ya ɗaga kai zai miƙa wa ɗansa, ya tarar har ya kai bakin mota yana riƙe wa mudir ƙofa. Sai ya rungume gwangwanin da tafin hannu biyu, ya bar sanyin yana shiga.