Gumbar Hamidu

Tabawa na tankaɗe dussa Rabo ya shigo ya durƙusa nesa da ita, ya tuɓe hula. Ɗan Balki ne, uwargidanta, amma a bayan Tabawa ya yi wayo.

"Inna, mai hatsin Bangi ya ƙi. Ya ce ba shi karɓar jinginar gonar da ba a raba ba."

Ta san da haka, duk garin ma an sani. Tun da mijinsu Kalla ya rasu, gandunsa na nan a dunƙule. Mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, amma ya tafi bai ce wa kowa uffan ba a kan gona. A garin kuwa ba a raba gandu sai kowane ɗa namiji ya tsaya ya kafa dutsen iyakarsa da hannunsa. Hamidu, ɗanta guda tilo, ya hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Abijan tun kafin farin da ya wuce. Ga wani farin ya zo, shiru kake ji.

"To, mi maigari ya ce?"

Rabo ya sunkuyar da kai. "Ko Hamidu shi zo, ko ki yi mishi sadaka, a sa shi cikin matattu."

Sadaka! Wa ya ga gawa? Kowace ranar kasuwa, da ta ji kukan mota daga hanyar Madawa, sai ta fita bakin zaure ta ƙirga masu sauka da ido. Ba wanda ya taɓa yi mata dariya, abin da ya fi ci mata rai ke nan.

Balki ta fito daga ɗakinta, goye da jikanta. Yaron ya daina kuka tun jiya, kansa sai lilo yake don yunwa.

"Rabo, tashi ka ba ta wuri," in ji Balki. "Tabawa, ban aiko shi ba. In ni ce, wallahi ba ni iyawa."

Da ma zaginta Balki ta yi, da ta samu abin riƙewa. Tabawa ta dubi wuyan yaron, tsoro ya kama ta. Ta shiga ɗaki ta kwance ƙullin geron da ta ɓoye don furar ranar da Hamidu zai dawo. Ko tiya bai cika ba.

"Yaya, ara mini turminki. Rabo, gaya wa liman gobe da hantsi."

Ta surfa, ta wanke, ta fara dakan gumbar sadaka. Tana cikin yi sai ga kukan kamiyo daga hanyar Madawa, ashe yau kasuwa. Taɓarya ta tsaya a sama. Balki ta kau da kai.

Tabawa ta sauke taɓaryar da ƙarfi, ta sake, ta sake, don kada ta ji ko motar ta tsaya.