Shirun Mai Aski

Kujerar da aka ba mai aski ta 'yan aji biyu ce, don haka da ya zauna sai gwiwoyinsa suka taso har ƙirji. Bai bari wannan ya rage masa kwarjini ba. Ya gyara zama, ya dubi malamar ba da shawara ta makarantar, wadda yara ke kira Anti Mai Saurare, ya soma bayani tun kafin a tambaye shi.

Maganar autarsa ce, 'yar shekara tara. Mako uku ke nan, kullum da safe da zarar an miƙa mata kayan makaranta sai ta riƙe ciki ta durƙushe. An je asibiti, an yi gwaji, likita ya ce lafiyarta ƙalau. Yanzu ga takarda daga shugaban makaranta, wai in ta ƙara mako guda ba ta zo ba sai dai ta maimaita aji. Shi kuwa, Allah ya sani, babu abin da bai yi ba. Ya yi rarrashi, ya yi tsawa, ya ba ta tarihin yadda yake zuwa makaranta a ƙasa ba takalmi, kuma duk lokacin da ya sake bayarwa hanyar na ɗan ƙara nisa.

Malamar ta bar shi ya zuba son ransa. Ba ita ce farkon wadda ta sha wannan ba. A duk layinsu an san shi, wanda ya zauna masa aski, kafin a gama rabin kai ya ji halin da duniya ke ciki, ya samu maganin ciwon baya, an kuma gyara masa aurensa. Sai da ya tsaya jan numfashi ta samu kafar tambaya, ko wani abu ya faru a gida kafin ciwon ya soma.

Ya ce babu. Sai dai wata biyu da suka wuce uwar ta yanke jiki ta faɗi da hantsi, hawan jini, aka kwantar da ita kwana huɗu. Amma wannan bai shafi yarinya ba, tana makaranta a lokacin, da ta dawo kuma aka ce mata Umma ta je gidan Gwaggo.

"Yarinya ce, Malama. Me ta sani?"

Malamar ta ce za ta zauna da yarinyar duk ranar da ta iya zuwa, kuma akwai zaman iyaye ranar Laraba. Amma yau shi ne zai tafi da aikin gida. Ya zauna da auta minti goma, su biyu kawai.

"Ba tambaya, ba nasiha, ba labari."

"To me zan ce mata?"

"Ba sai ka ce komai ba."

Ya fito ransa a ɓace. Ya rufe shago rabin yini, ya zauna a kujerar jarirai, ƙarshe ko takardar magani ba a rubuta masa ba. Da ya kai ƙara wurin tela, maƙwabcin shagonsa, tela ya yi dariya har allura ta faɗo daga bakinsa. Ya ce gara a sanar da likita tun yanzu, don wannan karon cikin uban ne zai kumbura.

Da yamma auta ta kawo masa kwanon abinci. Babu kowa a shagon, ya nuna mata kujerar aski ta hau, ta sunkuyar da kai tana jiran wa'azin yau. Shi kuwa ya dubi agogon bango, ya ɗauki injin aski da ɗan burushi ya shiga gogewa.

A minti na farko nasiha uku suka zo masa, ya haɗiye. A na uku ya tuna wani labari da ya dace da yarinyar kamar an auna, shi ma ya haɗiye, har maƙogwaronsa ya yi ƙara. Ashe shiru ma aiki ne, kuma ya fi aski wuya. Tela ya leƙo sau biyu yana nuna agogon hannunsa. Auta ta soma juya kujera hagu da dama tana satar kallonsa, can ta tambaya ko ba shi da lafiya ne. Ya girgiza kai, ya ci gaba da goge injin da tuni ya yi fes.

Kujerar ta tsaya tana fuskantar madubi. Ba shi ta kalla ba, madubin ta yi wa magana.

"Baba, a gidan Gwaggo ai ba a yi wa mutum ƙarin ruwa."

Burushin ya tsaya. A hankali sauran ya fito. Ta ga filasta da tabon allura a bayan hannun Umma tun ranar da ta dawo. Kuma da safen ranar da ta faɗi, Umma ta ce kanta na ciwo, ta ce a miƙo mata ruwa, ita kuwa ta makara, sai ta ruga ba ta miƙa ba. Yanzu in ta tafi makaranta Umma ta sake faɗuwa, wa zai gani?

Kunya da tausayi suka kama shi lokaci guda. Wata biyu 'yar nan na ɗauke da wannan ita kaɗai, a gida ɗaya da shi. Wani mutum ya ɗaga labule yana shafa ƙeya, mai aski ya yi masa alama da hannu ya dawo anjima. Ya jawo benci ya zauna kusa da ita.

"Asibiti ne," ya ce. "Ƙarya muka yi miki, kuma ba mu kyauta ba. Ba ruwan nan ne ya kayar da ita ba, ciwo ne da ya daɗe a jikinta."

"Za ta mutu?"

Ya ce likita ya ce in tana shan magani za ta samu sauƙi, kuma da safe matar tela na leƙa ta. Ya ce in tana so, gobe da safe su uku za su je, ta tambayi likitan da bakinta.

Auta ta goge hanci da bayan hannu. Ta yi tunani, ƙafafunta na lilo a ƙasan kujera.

"Gobe akwai makaranta, Baba," ta ce. "Sai dai bayan an tashi."