Kwas Ɗin Auta

Shekara bakwai Yaya yana cika wa 'ya'yan mutane fom ɗin shiga jami'a a shagon kwamfuta na bakin titi, bai taɓa jin yatsunsa sun yi nauyi ba sai ranar da ƙanwarsa Auta ta ja kujera ta zauna gefensa.

Yarinyar ta ci jarrabawa ci na ban haushi, Mama ta yi ta kiran dangi har wayarta ta mutu. Kuma ina take hari? Hukumar binciken manyan laifuka ta tarayya. Tabɗi! Hukumar nan fa sau uku tana koro Yaya. Nazarin laifuka ya karanta a jami'a, don ya ga sunan ya dace da aikin. A ganawa ta uku wata jami'a mai tabarau ta turo masa takardunsa ta ce, "Irinku sun cika mana ɗaki. Masu kimiyyar kwamfuta muke nema, sauran aikin mu za mu koya musu." Bai gaya wa kowa ba. A gida cewa ya yi sai mai uwa a gindin murhu ake ɗauka.

Ƙusar da aka buga a falo don hotonsa da kaki, kalanda ce a jikinta yanzu. Jiya ya ji Mama tana cewa nan za a rataye na Auta. Ƙyashi yake yi, ba sai an ɓoye ba, ƙyashi mai hana cin abinci.

"Wane kwas?" ya tambaya, idonsa a kan allo.

"Haba Yaya, sai ka tambaya? Nazarin laifuka mana."

Shi ke nan, faɗuwa ta zo daidai da zama. Ba sai ya yi ƙarya ba, shiru kawai zai yi. Ya zaɓa mata kwas ɗin, ya kai kibiya kan maɓallin turawa. Wanda aka tura kuwa ba ya gyaruwa. Ta je ta yi shekara huɗu ta dawo, su zama su biyu a gidan.

"Littattafanka na cikin kwali duk na karanta su," in ji Auta. "Har inda ka ja layi. Sahunka nake bi."

Fanka tana ta ƙara.

Sai ya yi tsaki, ya goge, ya sa kimiyyar kwamfuta.

"Yaya, me ka yi?"

"Ba rashin gata ya hana ni ba, kwas ɗin ne." Ya gaya mata maganar mai tabarau. "Kin yarda in tura?"

Ta kalle shi, ta ɗaga kai. Ya danna.

Za su ɗauke ta, ya sani, kuma wallahi bai ji daɗi ba ko kaɗan. Da yamma ya shiga falo ya cire kalandar da hannunsa, ya bar mata ƙusar.