Odar Ƙarshe ta Doña Herminia

"Wannan kike kira roskiya?" in ji Doña Herminia. Ta tofar da gutsuren biskit ɗin masara da cuku mai siffar zobe a tafin hannunta. "So kike ki ƙarasa mini haƙoran da suka rage?"

Dilcia ta tsaya bakin gadon riƙe da faranti, idonta a ƙasa. Ajin kasuwanci take a sakandare, shekarar ƙarshe, kuma Malam Rigoberto ya gindaya musu sharaɗi: kowa ya yi abin sayarwa da hannunsa, ya samo mai saye na gaske wanda ba danginsa ba. Wanda ya kasa ya faɗi. Uwarta Oneyda kuwa ta riga ta yanke hukunci: in ta faɗi, babu maimaita aji, sai masana'antar ɗinki inda ita take aiki.

Yarinyar ta iya gashi, bakin talla ne babu. Da ta tsaya gaban baƙo sai harshenta ya ɗaure. Shi ya sa ta fara da maƙwabciya. Amma fa wace maƙwabciya! Duk unguwar babu mai kantin da bai sha masifar Doña Herminia ba, matar da ta taɓa mayar da kankana bayan ta sha rabi. Yanzu ciwon zuciya ya kwantar da ita, ƙafafu sun kumbura, amma bakin nan lafiyarsa lau.

"Cukun ya yi kaɗan, masara zalla. Kuma ɗago kai! Ni zan saya ko takalminki?" in ji tsohuwar.

Dilcia ta koma gida tana kuka. Washegari da yamma ta dawo da wani gashin. Haka suka yi ta yi, yau gishiri ya yi yawa, gobe zoben ya karkace, tsohuwa tana ramewa amma ba ta rasa abin kushewa ba.

Ran nan ta juya guda a hannu ta taɓe baki. "Ya ƙone."

"Bai ƙone ba, Doña!" Ita kanta Dilcia sai da ta tsorata da muryarta. "Da gangan na bari gefen ya yi ja, don kada ya narke a kofi. Tsoma ki gani."

Tsohuwa ta tsoma, ta tauna a hankali, ta cinye tas.

"Ashe da baki." Ta ƙwala wa ɗanta kira. "Wilmer, zo ka zama shaida. Ranar da na tafi, kofi kai za ka dafa, amma roskiya wurin yarinyar nan za ka saya, har a gama kwanakin addu'a. Kada ka kuskura ka kawo mini na kanti."

"Haba Mama, daina irin wannan magana."

"Rufe mini baki, ciniki muke." Ta kamo hannun Dilcia. Yatsunta sun yi sanyi. "Duk unguwa za su zo, ba don suna sona ba, don su tabbatar na tafi ne. Za su ci su tambaya wa ya yi. Kika sunkuyar da kai, sai na tashi daga akwatin gawa."

Dilcia ta yi dariya, hawaye na zuba. Sai a lokacin ta gane tana son matar nan ƙwarai.

Da safiyar wata Alhamis Doña Herminia ta cika. Aka kafa rumfa a titi, aka jera kujerun roba, maza suna karta, mata suna addu'a a falo kewaye da akwatin. Dilcia ta fito da faranti.

Don Ovidio mai kantin da ke kan kwanar titi ya ɗauki ɗaya, ya ƙara. "Kai! Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Don Ovidio. Dilcia, 'yar Oneyda. In kana so a kantinka, zan kawo ranar Litinin."

"Kawo."

Malam Rigoberto, wanda ya zo gaisuwa, yana zaune a kujerar baya da kofi a hannu. Ya ɗaga mata kai, bakinsa cike.

Kafin rana ta faɗi faranti ya ƙare. Dilcia ta ruga gida don ta sake kwaɓi, sai ta tarar da uwarta a kicin, ko rigar masana'anta ba ta cire ba, hannayenta cikin ƙullu har wuyan hannu.

"Tsayuwar me kike?" in ji Oneyda. "Zo ki nuna mini yadda kike lanƙwasa su."

Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna jera zobba a tire. Ta taga ana hango hasken kyandirori a falon maƙwabta.