Ba a Tashin Mai Barci a Motar Masaka

Duk mai kwana a Masaka yana aiki a cikin Abuja, rabin barcinsa a mota yake yi. Mu shida muke shiga motar Ɗangoggo kullum bayan asuba, kuma ƙa'idarmu ɗaya ce: ba a tashin mai barci sai an isa Sakateriya. Shekara tara ina bin hanyar nan, gajiya ta zame min jiki.

Ranar wata Talata Malam Ilyasu, masinjan ofishinmu, yana gefena. Muna cikin gosulon Mararaba sai ledar ƙosai ta suɓuce daga hannunsa na dama. Na ɗauka na miƙa masa, yatsun suka ƙi kamawa. Ya yi min wata magana kamar mai tuwo a baki, ban gane ko kalma ɗaya ba. Na lura bakinsa ya karkace, yawu na bin haɓa, amma waye a motar nan bai taɓa dalalar da yawu ba? Ɗangoggo ya leƙo ta madubi yana dariya, wai yau oga Ilyasu ya riga kowa barci. Na gyara masa hula, na jingina kansa da gilashi, ni ma na rufe ido. Asibiti biyu muka wuce a hanya.

Da muka isa sai ya kasa sauke ƙafa. Wata nas da ke jiran mota ta leƙo, ta ce ya yi murmushi, ɓari ɗaya ya motsa. Ta ce ya ɗaga hannu biyu, na dama ya faɗi.

"Shanyewar ɓarin jiki ce wannan. Tun yaushe?"

Ni na sani. Tun shida da rabi, ga shi tara ta gota.

A asibiti na faɗa wa likita. Bai yi faɗa ba, ya dai ce a wannan ciwon kowane minti ƙwaƙwalwa yake ci. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Malam Ilyasu ya rayu, magana ce ba ta dawo ba. Da na je dubiya, matarsa Hajjo ta riƙe hannuna, wai an gaya mata ni na kula da shi a mota.

"Allah ya saka da alheri, Anti Lucia. Da ba kya kusa da shi ban san yadda za a yi ba."

Yana kwance, idonsa a kaina, yana jin komai. Na ce amin.