Hoton Tsohuwar Tarwaɗa

Mai Hoto yana kwance rub da ciki a bakin tafkin simintin da ke bayan gidan maƙwabcinsa, hannunsa cikin ruwa har kafaɗa, yana danna kamara a makance. Matar gidan tana tsaye a kansa da kwanon abincin kifi.

"Ta ɗauku?"

"Bari mu gani, Inna."

Ya zaro hannu ya goge gilashin da gefen riga. Abin da ya fito kore ne shar kamar bango mai gansakuka, sai wani duhu-duhu can a gefe. Ya ja tsaki.

Mijin Inna, wanda duk layin ke kira Baba Mai Kifi, yana kwance a saman bene tun da ɓarin jikinsa ya shanye. A tafkin nan yana da wata tarwaɗa da ya raina tun tana kamar ɗan yatsa, ya ƙi sayar da ita, ya laƙaba mata suna Kaka. Tun ranar da ya faɗi ba ta ƙara tasowa ba. Ko tana da rai, ko ta mace a ƙasa, ba wanda ya sani, ya kuma hana a sa mata raga. Abu ɗaya ya roƙi maƙwabcinsa, ya nuna masa Kaka ya gani da idonsa.

"Kawo in kai masa hakan," in ji Inna.

"Haba Inna, wannan ai ba hoto ba ne. In nuna masa wannan in ce ni na ɗauka?"

Mai Hoto mutumin kirki ne, sai dai akwai shi da taurin kai a kan sana'a. Shi ne mai tsayar da jama'a a rana su yi ta gumi don wuyan rigar mutum ɗaya ya karkace. Tun da ya buɗe shago bai taɓa miƙa wa kowa hoton da bai gamsu da shi ba, yana kuwa tinƙaho da hakan.

Ya hau benen. Ɗakin yana warin man zafi, tsohon yana jingine da filo, bakinsa ya karkace gefe guda.

"Ka gan ta?" Da ƙyar maganar ta fito.

"Kamarar ce ba ta dace ba, Baba. Ta ruwa garai-garai ce, naka kuwa kamar miya. Zan canzo wata."

Tsohon ya yi ɗan abin da ya rage masa na dariya. "Kai dai, ko gawa za ka ɗauka sai ka ce ta gyara kwanciya."

A shagon kayan hoto, mai shago ya jera masa kamarori a kan kanta.

"Wannan har ƙasan teku tana nutso."

"Ni ruwana iya ƙugu ne."

"To ga mai filashi."

"A ruwa mai dauɗa datti kawai filashi ke haskawa, hoto ya fito kamar an watsa masa gishiri. Ina son mai faɗin ido, wadda za ta ɗauki abu a gaban hancinta ko da hasken kaɗan ne."

Mai shago ya sosa ƙeya. Akwai irinta, amma sai an aiko da ita daga wani gari. Mai Hoto ya ce a aiko, ya fito yana jin daɗin kansa.

Inna ta yi ta tare shi a ƙofa. "Ɗan nan, jikin fa ba ya jira."

"Ki ƙara haƙuri, Inna. Abin da za a yi, a yi shi da kyau."

Ranar da kamarar ta iso, ya shawo kwanar layi da kwalinta a hammata, sai ya hangi benci a ƙofar gidan Baba Mai Kifi da takalma birjik a bakin bene. Ba sai an gaya masa ba, ya san tsohon ya rasu. Ya tsaya a tsakiyar titi har wani mai keke ya kauce masa.

Bayan masu gaisuwa sun ragu, Inna ta aika a kira shi. Ya same ta zaune a bakin gadon, an naɗe zanin, katifar tana nan da lotsawar jikin mai ita. Kunya da baƙin ciki suka hana shi ɗaga kai.

"Wancan hoton na farko, ka goge shi?"

Bai goge ba. Ya koma ya ɗauko tsohuwar kamarar, ya nemo hoton ya miƙa mata. Ta kai shi dab da fuska, ta ƙanƙance ido, ta ɗora yatsa a kan duhun nan na gefe.

"Ai ga ta nan. Ga gashin bakinta na hagu, guntu, wanda waya ta taɓa tsinkewa. Ka ga a miƙe yake, da ranta ke nan." Ta dube shi, ba faɗa a muryarta. "Ni da ba ni na raine ta ba na gane ta, balle shi."

Mai Hoto ya sunkuya ya duba. Yanzu kam ya gani, wani siririn zare a cikin koren ruwa.

Hasken gilashin ya mutu da kansa a hannun Inna. Ta jujjuya kamarar.

"Ina ake dannawa ya dawo?"

Ya nuna mata.